Arahar Riga da Gumin Mai Ɗinki: Daga Mazarin Ƙasar Kano Zuwa Jesin Ƙwallo

Wanda ya shiga kasuwar Ɗanbatta ranar Lahadi, ya baro kara da hayaniyar dillalan shanu, ya gangara wajen 'yan tufafi, zai tarar da jesi jere a kan igiya. Ga ta Arsenal, ga ta Barcelona, ga ta Real Madrid, nan da can kuma ta Kano Pillars. Yawancinsu kwaikwayo ne, wasu gwanjo, kuma farashinsu bai fi ƙarfin saurayin da ya yi ƙwadagon 'yan kwanaki a gonar wani ba. In aka juya wuyan rigar, in dai da tambari, sunan wata ƙasa ta Asiya za a gani.

Tun shekarun 1990 ake ja-in-ja a Turai da Amurka a kan mutanen da ke ɗinka irin waɗannan riguna. Rigar da kamfanin Nike ya yi wa 'yan wasan Najeriya a gasar cin kofin duniya ta 2018 an sayar da ita dala 90, kusan ninki biyu na mafi ƙarancin albashin wata na lokacin, wato naira 18,000. Ƙungiyar Clean Clothes Campaign, wadda ke bin diddigin wannan sana'a, ta ƙiyasta cewa rabon mai ɗinki a farashin irin wannan riga bai wuce wajen kashi 1 cikin 100 ba. Mu a nan mun fi ɗaukar zancen a matsayin rigimar ƙosassu, tunda mu masu saye ne, kuma ta bogi ma muke saye. Amma ƙasar Kano ta taɓa zama a ɗaya gefen cinikin. Ita ke tufatar da wasu ƙasashe, kuma tufarta ma da gumin da ya sa ta yi araha.

A watan Fabrairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka a Kano. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafi. Ya ƙiyasta cewa abin da Kano ke fitarwa waje na saƙa da rini ya kai aƙalla wuri miliyan 300 a shekara, kuma Tambutu kaɗai na karɓar kayan raƙumi 300. Sai ya yi wata kwatance da marubutanmu ke son maimaitawa. A ganinsa masana'antar Kano ta fi ta Turai mutunci, domin a Turai ana tara mutane a manyan ma'aikatu a ƙasƙantar da su, a Kano kuwa sana'ar tana ciyar da iyali ba tare da ta raba su da zaman gidajensu ba. Ya san abin da yake kwatantawa da shi. Shekara huɗu kacal kafin nan, a 1847, majalisar Ingila ta yi dokar da ta taƙaita aikin mata da yara a masaƙu zuwa awa goma a rana, kuma audugar da masaƙun Lankasha ke ci bayi ne ke nome ta a kudancin Amurka.

Sai dai a cikin lissafin Barth ɗin kansa akwai abin dubawa. Ya ce iyali guda na iya rayuwa cikin wadata a Kano da wuri 50,000 zuwa 60,000 a shekara. In mai karatu ya raba miliyan 300 da wannan adadi, zai samu gida dubu biyar ko shida. Wato ko da an ɗauki kuɗin gaba ɗaya an raba wa masu aikin, ba a cire ribar fatake ba, ba a cire kuɗin baba da na raƙuma ba, iyakar gidajen da zai riƙe ke nan. Hannuwan da ke cikin sana'ar kuwa sun ninka haka nesa ba kusa ba.

Kafin turkuɗi ya hau kan Buzu a Agadas, sai an noma auduga, an tsince ta, an gurje, an shiɓe, an kaɗa zare, an saƙa, an harhaɗa ƙyallaye, an tsoma a karofi sau da yawa, an kai wa mabuga. Matakan da baƙo ke iya gani su ne na maza: masaƙa a gindin bishiya, marina a bakin karofi, mabuga da ƙararsu ke cika unguwa. Matakin da ya fi cin lokaci yana bayan katanga. Masaƙi ɗaya kan cinye zaren da mata da dama suka kaɗa, kuma kaɗi aiki ne na mazari da alli da haƙuri, wanda ake yi bayan an gama daka da girki, har cikin dare. 'Yantacciyar mace takan sayar da zarenta ta riƙe kuɗinta, domin a al'adarmu da shari'armu abin da mace ta samu nata ne, kuma bai kamata a raina wannan ba. Amma farashin zaren ya dogara ne da cewa lokacinta ba shi da wani mai saye. Baiwa kuwa ko wannan ɗan cinikin ba lallai ta samu ba.

A nan tarihin Ɗanbatta ya shigo. Bayan hawan Sarkin Kano Ibrahim Dabo a 1819, Ɗantunku, wanda ke da ƙarfi a yankin Ɗanbatta, ya ƙi yi masa biyayya, aka shafe shekaru ana gwabzawa kafin ya koma Kazaure. Saboda wannan yaƙi Dabo ya ƙarfafa Fanisau a matsayin ribaɗi a arewacin birni, kuma a can Baturen nan Clapperton ya same shi a 1824. Da ƙura ta lafa, yankin ya cika da gandayen sarauta da na attajirai waɗanda bayi ke nomawa. Mohammed Bashir Salau ya rubuta littafi guda a kan gandayen Fanisau, ya dogara da hirarrakin da aka ɗauka da tsofaffin yankin a shekarun 1970. Bawa kan yi wa ubangidansa aiki tun safe har wajen azahar, sannan ya koma gayaunarsa ya nemi abin kansa. Ba duk audugar Kano bayi suka noma ba, talakawa 'yantattu sun noma mai yawa a 'yan gonakinsu. Amma inda akwai wanda ake sa shi aiki ba lada, ladan wanda ake biya ma ba ya tashi.

Barth bai yi ƙarya ba. Abin da idonsa ya kai gare shi ya faɗa, kamar yadda mai binciken da kamfani ya tura yau yake zagaya ma'aikatar da aka share domin zuwansa, bai san da ƙaramar kwangilar da aka bayar a lungu ba.

Turawa sun ci Kano a 1903 da burin mayar da Arewa gonar audugar Lankasha. Ƙungiyarsu ta noman auduga, wadda aka kafa a 1902, ta yanka farashin kwabo ɗaya na Ingila a kan kowace laba, sai ta tarar masaƙan Kano suna biyan fiye da haka. Da jirgin ƙasa ya fara aiki a 1912, manoma suka juya ga gyaɗa. Bauta ta mutu a hankali, ba a soke ta baki ɗaya a doka ba sai 1936. Kaɗi ma haka ya mutu, a hankali, zaren inji da yadin kanti suka ture shi. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɗorayi a farkon shekarun 1970, ta nuna cewa karkarar Kano mai cunkoso ta rayu a da ne da sana'o'in rani da fatauci a kan noma, kuma da waɗannan suka ja baya sai gona kaɗai ta rage, ga ta kuma tana ƙanƙancewa da rabon gado. Duk wanda ya san Ɗanbatta da Makoɗa da Kunci ya san sauran labarin: cin rani.

'Yan cin ranin nan ne suka cika ƙofofin masana'antu da zamaninsu ya zo. An buɗe masaƙar KTL a Kaduna a 1957, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Lankasha. UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a tsakiyar shekarun 1960, ɗaya da jarin Hong Kong, ɗaya da na Japan. A Kano aka samu Bompai da Sharaɗa da Challawa, da masaƙu irin su Bagauda ta Isyaku Rabi'u da Gaskiya ta Nababa Badamasi. Paul Lubeck, wanda ya zauna da leburorin Kano a farkon shekarun 1970, ya tarar da yawansu tsofaffin almajirai ne da gardawa daga ƙauyuka, kuma ya ga yadda suka tayar da yajin aiki a 1971 da masu masana'antu suka yi nawar biyan ƙarin albashin Adebo.

Abin da ya fi amfani ga muhawararmu shi ne binciken Gunilla Andrae da Björn Beckman, waɗanda suka kwatanta masaƙun Kaduna da na Kano. Yadi iri ɗaya, ƙasa ɗaya, doka ɗaya, amma zaman ma'aikaci ya bambanta. A manyan masaƙun Kaduna ƙungiyar ma'aikatan saƙa da ɗinki, wadda aka haɗe a 1978 kuma Adams Oshiomhole ya zama babban sakatarenta a 1982, ta kafu har ta kai ga ana zama da ita a yanka albashi a rubuce, kuma ba a korar mutum sai an bi ƙa'ida. A yawancin masaƙun Kano, mallakar 'yan kasuwa na gida da Kwarori, ɗaukar aiki ta hanyar sanayya ake yi. Wanda ya kawo ka shi ne ubangidanka, kuma kai ƙara a kansa butulci ne. In abin ya ishe ka, sai ka jira damina ka koma gona. Ƙungiya ta sha wuya kafin ta shiga irin waɗannan wurare. Zumuncin da muke alfahari da shi yana da wannan fuskar: yakan sama wa yaro aiki, ya kuma ɗaure masa baki.

A daidai shekarun nan sana'ar kayan wasanni ke nata yawon. Nike ya faro ne a 1964 da sunan Blue Ribbon Sports, yana sayo takalma daga Japan. Da albashi ya tashi a Japan, aka koma Koriya ta Kudu da Taiwan. A Koriya ma'aikata sun sha baƙar wuya. A watan Nuwamban 1970 wani matashin tela mai suna Jeon Tae-il ya cinna wa kansa wuta a Seoul domin a kula da dokar ƙwadago da ke rubuce ba a aiki da ita. Da yajin aikin 1987 ya ba ƙungiyoyi ƙarfi, albashi ya hau, sai 'yan kwangilar suka kwashe injinansu zuwa Indunusiya da Sin da Biyetnam. Kamfanin da sunansa ke jikin takalmin bai mallaki ma'aikatar ba, oda kawai yake bayarwa, saboda haka amsarsa ta farko kullum ita ce ba ma'aikatansa ba ne.

Wannan amsa ta daina karɓuwa ne bayan 1992, da Jeffrey Ballinger ya wallafa takardar albashin wata ma'aikaciya 'yar Indunusiya a mujallar Harper's, tana samun santi 14 a awa. A 1996 mujallar Life ta buga hoton yaro ɗan shekara 12 a Pakistan yana ɗinka ƙwallo mai tambarin Nike. A watan Mayun 1998 shugaban kamfanin, Phil Knight, ya tsaya a gaban 'yan jarida a Washinton ya amsa cewa sunan kayansu ya zama ɗaya da albashin bauta da tilasta ƙarin lokaci, ya kuma ɗaga shekarun ɗaukar aiki.

Masu kare ƙaramin albashi suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Masanin tattalin arziki Paul Krugman ya zayyana ta a 1997: mugun aiki da mugun albashi ya fi babu, kuma ta wannan tsani Koriya da Taiwan suka hau. Mutumin Arewa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. An sassauta shigo da yadi a 1997, wutar lantarki ta gagara, kayan Sin suka kwararo ta Kwatano da Maraɗi zuwa Kantin Kwari. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta Kaduna a 2007. Ma'aikatan KTL sun shekara da shekaru suna bin haƙƙin sallama a hannun jihohin Arewa 19 da suka mallaki masaƙar, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. In ka tambayi tsohon ma'aikaci a Kakuri ko ya fi son ƙarar inji da ƙurar auduga a kan zaman da yake yi yanzu, ka san amsar.

Amma hujjar ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Cewa aikin ya fi babu magana ce daban, cewa ba za a iya biyan fiye da haka ba magana ce daban. In ladan ɗinki kashi ɗaya ne cikin ɗari na farashi, ninka shi ba zai hana kowa sayen riga a Landan ba. Ann Harrison da Jason Scorse sun bi alƙaluman Indunusiya na shekarun 1990, suka ga albashi ya tashi sosai a ma'aikatun da masu fafutuka suka sa wa ido, riba ta ragu, wasu ƙananan ma'aikatu sun rufe, amma yawan masu aiki a sana'ar bai rushe ba. Ko maganar cewa ya fi babu ɗin ma ba kullum take tabbata ba. Christopher Blattman da Stefan Dercon sun yi gwaji a Habasha da kusan mutum 1,000 masu neman aiki a masana'antu biyar, aka raba guraben ta hanyar ƙuri'a. Bayan shekara guda waɗanda suka samu aikin ba su fi waɗanda suka rasa samun kuɗi ba, rashin lafiya ya fi yawa a cikinsu, kuma mafi yawansu sun ajiye aikin da kansu.

Tausayin mai saye ma yana da nasa ɓarin. Bayan yarjejeniyar Atlanta ta 1997, aka kwashe ɗinkin ƙwallo a Sialkot daga gidaje zuwa cibiyoyin da za a iya sa wa ido, domin a hana yara aiki. Yaran sun ragu, amma mata da yawa da ba sa fita sun rasa sana'ar da suke yi a ɗakunansu. Wanda ya san yadda ɗinkin hula ke riƙe gidaje a ƙauyukan Kano zai gane girman wannan asara. An gyara abin da ke damun mai saye, ba a tambayi mai ɗinki abin da ke damunta ba.

Malamanmu sukan kawo hadisin da ya yi umarni a biya ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe, kuma ya dace. Sai dai shi lokacin biya ya tsayar, bai yanka adadi ba. A babin ijara fiƙihu ya shar'anta a san aikin, a san ladan, a kuma yi da yardar juna, in an samu saɓani a koma ga ladan da ake biyan irinsa a gari. Matsalar ita ce in garin duka yunwa ake ji, ladan irinsa ma na yunwa ne, kuma yardar wanda ba shi da abincin dare yarda ce mai rauni. Hadisin da na ga ya fi kusa da batun shi ne wanda Bukhari ya ruwaito a kan waɗanda ke ƙarƙashin hannun mutum: a ciyar da su daga abin da ake ci, a tufatar da su daga abin da ake sawa, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Ma'aunin a nan rayuwar ubangida ce, ba farashin kasuwa ba. Bayi aka yi maganar a kansu, kuma abin kunya ne a ce ɗa mai albashi bai kai wannan matsayi ba.

A ganina abin da ke raba aiki mai wuya da cin gumi shi ne ko ma'aikaci na da ikon cewa a'a, shi kaɗai ko tare da 'yan uwansa, ya kuma kwana lafiya. Ƙofa ce ke nuna wannan. A gobarar ma'aikatar Ali Enterprises a Karaci a watan Satumban 2012, mutum fiye da 250 suka mutu a bayan tagogi masu ƙarafa da ƙofofi a kulle, makonni kaɗan bayan an ba wurin takardar shaidar inganci. A ginin Rana Plaza na Bangaladash an ga tsaga a bango ranar 23 ga Afrilun 2013, banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, amma aka umarci masu ɗinki su koma bakin aiki washegari da barazanar hana albashi. Mutum 1,134 suka mutu. Kada kuma mu ce can ne kawai. A watan Yunin 2020 'yan sanda suka buɗe wata masana'antar sarrafa shinkafa a Kano suka fito da mutum fiye da 100, waɗanda suka ce an kulle su a ciki tun ƙarshen Maris, lokacin kullen korona.

Kowace gwamnati ta zo sai ta yi alkawarin farfaɗo da masaƙu, kuma a tarukan masu zuba jari akan ji ana tallar yawan matasanmu da arahar ƙwadagonsu. Yana da kyau a duba alƙaluman. Mafi ƙarancin albashin mai ɗinki a Bangaladash tun ƙarshen 2023 taka 12,500 ne, sama da dala 100. Naira 70,000 da aka sa wa hannu a Najeriya a watan Yulin 2024 ba ta kai dala 50 ba a canjin lokacin. Mun riga mun fi Bangaladash araha da fiye da rabi, kuma ba a ga masu odar jesi suna tururuwa zuwa Sharaɗa ba. Abin da ke hana su wuta ce, da tashar jiragen ruwa, da hanya, da tsaro, da rashin tabbas a kan canji. Ba ɗaya daga ciki da rage ladan lebura zai gyara.

Ita kanta naira 70,000 ɗin ba kowa ta shafa ba. Dokar mafi ƙarancin albashi ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, ta cire masu aikin wucin gadi, da masu aikin kamasho ko jinga, da aikin da ke bin yanayi irin noma. Yaron tela a Fagge yana waje. Ɗan ƙwadagon da ke yi wa wani noma a Ɗanbatta yana waje. Haka ma matar da dillali ke kawo wa hula da zare har gida, ta shafe makonni tana ɗinki, ya dawo ya karɓa ya biya ta abin da suka yi jinga, ya kai birni a wanke a buga a sa mata farashi.